Wa Ya Sa Wa Baba Hannu

Da Auta ta san abin da ake nufi da mayar da gida sunan mutum, da tun ranar farko ta ɗaura ɗamarar wahala. Ita a ganinta aikin yini guda ne. Mai gida yana raye, hankalinsa garau, ya ce da bakinsa ya ba ta, takardar mallaka kuma tana nan cikin akwatin ƙarfe a ƙarƙashin gadonsa. To me ya rage?

Auta dai ta ba shekara arba'in baya, amma sunan ya ƙi sakinta, don su biyu kacal Baba ya haifa, ita da Yaya. Da mijinta ya rasu ta dawo gida da 'ya'yanta mata biyu da keken ɗinki, ta kafa shi a ɗakin da ke kallon titi. Bayan shekara biyu Mama ma ta rasu, sai kula da Baba ya dawo wuyanta: magani, wanki, da faɗan cin gishiri kullum. Baba tsohon direban babbar mota ne, ya yi shekara talatin da wani abu a kan hanya, yanzu kuma zuciyarsa ta gaji. Likita ya sa ranar yi masa aiki, saura mako biyar, kuma bai ɓoye musu cewa aikin babba ne ba.

A makon ne Yaya, wanda ke sayar da kayan gyaran mota a can tsallaken gari, ya zo da wani mutum mai takalmi mai sheƙi. Ya ce abokinsa ne, ruwa kawai zai sha. Abokin bai sha ruwa ba. Tsakar gida ya shiga takawa daga bango zuwa bango yana motsa baki, ya leƙa bayan gida, ya ƙwanƙwasa ginshiƙi. Baba yana kan kujerarsa yana kallo har suka fita.

"Ina numfashi ana auna min gida," in ji shi. "Auta, nemo min lauya. Yayanki na ba shi motata da filin da ya gina nasa. Wannan naki ne da yaran nan."

Ta san abin da zai faru idan Baba bai farka daga aikin ba gida yana sunansa. Za a sayar a raba, abin da zai zo hannunta ba zai saya mata ko ɗaki ɗaya a unguwar ba, masu kawo mata ɗinki kuma wannan ƙofar suka sani. Tsoro ya kama ta, ta kuma ji kunyar tsoron, don kamata ya yi a ce Baba take tunani, ba rufin kwano ba.

Ofishin Lauya yana hawa na biyu a saman wani kantin magani. Matakalar ƙunci gare ta, sai Baba ya huta sau biyu kafin su kai. A ciki akwai fanka mai kai zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan, da fayil-fayil ɗaure da zare har saman kabad, da sakatariya mai buga na'ura da yatsa biyu. Lauya mutum ne mai fara'a da taushin murya, irin muryar da ke sa mutum ya saki jiki alhali bai kamata ba. Ya duba takardar, ya ce, "Ai wannan ƙaramin aiki ne." Auta ta yi ajiyar zuciya, baiwar Allah.

Ƙaramin aikin ya fara da mai awon filaye. Ya iso da ƙarfensa mai ƙafa uku, ya kafa shi a kan barkonon da ta shuka, ya sa aka kwance igiyar shanya da kayan mutane a kai, ya yini yana auna gidan da bai matsa ko taku ɗaya ba tun da aka gina shi. Ya gama ya ce sakamako sai bayan kwana huɗu, kuma sai an kira mai kimanta gida, amma kada ta damu, ya san wani. Kowannensu ya san wani. Mai kimanta gida ya zo ya kalli silin ya girgiza kai, ya kalli ƙasa ya girgiza kai, har Auta ta fara jin kamar ita ta yi wa gidan laifi. Sai hoton Baba: na farko aka ce bayansa shuɗi ne, fari ake so, na biyu aka ce kunnensa ɗaya bai fito ba. Baba ya ce shi dai da kunne biyu ya shiga ɗakin hoton.

Haka mako biyu da rabi suka tafi. Ɗinkin mutane ya taru a kan tebur, wata mata ta zo ta karɓe yadinta ba ko sallama.

Ranar da fayil ya cika, suka nufi ofishin filaye da Lauya. Suka zauna a benci tun safe, sai wajen azahar aka kira su taga ta huɗu. Ma'aikaciyar ta ɗora sabuwar takardar kusa da tsohuwar, ta duba nan, ta duba can.

"Sa hannun bai yi daidai ba."

"Tsufa ne," in ji Lauya. "Shekara talatin da ɗaya ke nan."

"Ni ba shekaru aka ce in duba ba. Ya sake."

Baba ya sake. Ya riƙe biro kamar yana riƙe da sifana, ya ja harafin farko na sunansa, sauran ya bi da wani layi mai rawa. Auta ta leƙa tsohuwar takardar. Wancan sa hannun tsaf yake, a kishingiɗe, da layi mai lanƙwasa a ƙarƙashinsa. Ko makaho ya shafa zai ce ba su haɗa hanya ba. Aka ce su dawo da sabon fom. Suka dawo, ya sake, aka ƙi. Suka kuma dawowa, wannan karon abin da ya zana bai yi kama da na jiya ba ma, balle na shekara talatin. Ma'aikaciyar ta ja gilashin tagarta ta rufe.

A mota Auta ta ce, "Baba, don Allah ka natsu mana. Sa hannunka ne fa."

"Ina ƙoƙari," ya ce, yana kallon waje.

Lauya ya ce abin bai gagara ba, akwai wani tsohon ma'aikacin banki, gwanin tantance rubutun hannu, idan ya rubuta cewa hannu ɗaya ne tsufa ya canza shi, ofis zai karɓa.

"Wani kuma?" in ji Auta. "Lauya, mutum nawa ake bukata kafin uba ya ba 'yarsa gida? Ni da na zo wurinka na ɗauka kai ne mai yin aikin, ashe kai mai nuna hanya ne."

Ya yi murmushi ya ce haka ƙa'ida take. Ta tsani murmushin nan.

Gwanin ya zo ofishin Lauya saura kwana goma sha ɗaya a yi aiki. Ɗan tsoho ne siriri, da madubin ƙara girman rubutu a aljihun gaba. Ya shimfiɗa tsohuwar takardar, ya sunkuya a kanta har Auta ta ɗauka barci ya kwashe shi. Can ya ɗago ya miƙa wa Baba biro. Baba ya karɓa da dama.

"Baba, ka taɓa karyewa a hannun nan?"

"Ban taɓa ba."

"Da ƙuruciya da hagu kake rubutu aka hana ka?"

"Ni? A'a."

Gwanin ya mayar da madubinsa aljihu. "To ba zan iya rubuta muku komai ba. Layin ƙasan nan daga dama aka ja shi zuwa hagu, kuma duk haruffan haka suke. Wanda ya sa hannun nan bahago ne."

"Bahaguwa dai," in ji Baba. "Uwarta ce."

Har sakatariya sai da ta ɗauke yatsunta biyu daga na'ura. Baba kuwa ya gyara zama ya ci gaba da bayani hankali kwance, kamar mai ba da labarin hanya. Ranar da za a yi cinikin filin yana can tafiyar kwana uku da lodin siminti, mai filin ya ce ba zai jira ba. Sai ya aiko wa Mama saƙo ta bakin wani direba cewa ta je ta sa masa hannu. Ta je ta sa. Daga nan kuma abin ya zame musu jiki: banki, makarantar yara, wutar lantarki, duk inda aka ce mai gida ya sa hannu, ita ke sawa. Shi in ya dawo gida barci yake yi.

"Ai ta fi ni iya shi," ya ce, "tunda ita ta ƙirƙiro shi."

Auta ta sake kallon tsohuwar takardar. Mama da hagu take yanka albasa, da hagu take nuna mutum in ta yi fushi, kuma ita Auta ta kalli takardar nan sau nawa ba ta gane ba.

"Baba, sau uku muna zuwa tagar nan. Sau uku kana hawa benci tun safe da ciwon zuciya. Me ya hana ka faɗa?"

"Wa ya tambaye ni? Ce min ake yi sake, ni kuma in sake. Na ce ko Allah zai sa wata rana ya yi kama."

Ta rasa ko ta yi kuka ko ta yi dariya, sai ta tashi ta tsaya a bakin taga tana kallon masu shiga kantin magani.

Da gwanin ya tafi, Lauya ya ja kujerarsa kusa. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko, Baba ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa tsohon sa hannun nasa ne, shekaru ne suka canza shi. Gwanin bai rubuta komai ba, don haka ba wanda zai tayar da magana, kwana biyu an gama. Ta biyu, ya rantse a kan gaskiya, cewa matarsa ce ta sa da izininsa, amma sai an samu wanda ya gani da idonsa ya ba da shaida, kuma ba wadda za a ba gidan ba.

Fuskar Baba ta washe kamar ya gano mafita. "To ke Auta ki sa min mana. Ai rubutunku yana kama da nata."

Lauya ya miƙe tsaye. "Ban ji wannan maganar ba. Sakatariya, ke ma ba ki ji ba."

"Ban ji ba, ranka ya daɗe."

Da yamma a tsakar gida Auta ta kawo wa Baba maganinsa, ta zauna a ƙasa kusa da kujerarsa, ta roƙe shi ya bi hanya ta farko. Ta ce ba cutar kowa za a yi ba, gidansa ne, kuɗinsa ne, kowa ya sani. Sannan ta faɗi abin da ta daɗe tana haɗiyewa.

"Tsoro nake ji, Baba. In wani abu ya same ka ban san inda zan kai yaran nan ba. Kalma ɗaya ce fa za ka faɗa."

"Saura kwana goma sha ɗaya a buɗe min ƙirji," ya ce. "Kina so in shiga ɗakin nan da rantsuwar ƙarya a bakina?" Ya haɗiye maganin, ya miƙo mata kofin. "Kuma gidan nan ita ta tsaya a rana aka gina shi, ni aike kawai nake yi. Sunanta bai fito a ko'ina ba. Wurin nan ɗaya da hannunta ya taɓa, shi ma in tsaya gaban alƙali in ce nawa ne? Ba zan yi ba."

Haushinsa ya cika ta. Ta tambaye shi wa ya rage a cikin waɗanda suka gani. Mai filin ya rasu. Shaidu biyun da ke kan takardar, ɗaya ya rasu, ɗayan ya bar gari tun tana makaranta.

"Sai yayanki," in ji Baba. "Shi ya raka ta, yana da shekara goma sha tara. Shi ya riƙe mata jaka."

Wato duk lauya da mai awo da mai kimantawa da gwanin rubutu, duk hawa da saukar matakala, ƙarshenta wurin mutumin da aka yi duk wannan don a kauce masa aka dawo.

Washegari ta same shi a shagonsa, tsakanin tayoyi da kwalayen fitilun mota. Ya saurare ta har ta gama bai daina goge wani ƙarfe da tsumma ba.

"Wato wata guda kuna ƙulla abu a bayana," ya ce, "sai da ya kwaɓe muku aka tuna akwai ni."

"Yaya, kai ma ka kawo mai saye Baba yana zaune yana kallo."

"Tambaya kawai na yi, in san darajar wurin."

"Da takun ƙafa ake tambaya?"

Ya ajiye tsumman. "Kin zo roƙo ne ko kin zo faɗa?"

Ta haɗiye sauran maganar. Ta gaya masa rana da lokaci: Larabar mako mai zuwa, ƙarfe goma, ofishin Lauya, daga nan a wuce kotu. Aikin Baba ranar Juma'ar makon ne. Ya ce zai duba. Kwanakin da suka biyo baya ta kira shi sau shida, bai ɗauka ba. Ta ɓata wuyan riga biyu a mako ɗaya, ita da ake yabo da tsaftar ɗinki.

Ranar Laraba tun tara da rabi suna ofis. Goma ta yi, sha ɗaya ta wuce. Lauya ya fara duba agogo yana cewa rajistaran kotu yakan tashi da wuri. Baba ya yi gyangyaɗi a kujera. Auta ta zauna tana lissafa a zuci wanda za ta roƙa ya ajiye mata keken ɗinki in ta kama. Sha biyu saura kwata aka ji takun mutum mai nauyi a matakala.

Yaya ya gaida Baba a taƙaice, bai kalli Auta ba, bai kuma zauna ba.

"Ban ce zan sa hannu ba," ya ce wa Lauya. "Nuna min takardar tukuna."

Aka miƙa masa. Ya matsa kusa da taga, ya ciro tabarau. Ya daɗe yana kallon ƙasan takardar, har ya kai babban yatsansa ya bi layin nan mai lanƙwasa, daga dama zuwa hagu.

"A kan bayan mota ta ɗora ta," ya ce, ba tare da ya juyo ba. "Babu tebur a wurin. Sai da ta gwada sau biyu a tafin hannunta, ta tambaye ni ko ya yi kama da na manyan mutane." Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu, ya yi tsaki kamar ƙura ce ta shiga. "Hannun nan ko cikin dubu na san shi. Da shi aka mare ni har na girma. Ina ake sawa?"

Lauya ya yi sauri ya nuna masa, kada ya canza ra'ayi. Yaya ya sa hannu a wuri uku. Sannan ya juya ga Baba.

"Da ka kira ni ka faɗa min da bakinka."

"Da ka yarda?"

"Da ban yarda ba. Amma da ka kira ni. A ɗakin da Auta take ɗinki na yi samartakata, Baba."

Baba ya sunkuyar da kai.

Suka je kotu a motar Yaya. Aka yi rantsuwa, aka buga hatimi, ranar Alhamis ma'aikaciyar taga ta huɗu ta karɓi fayil ba ta ko ɗaga kai ba, ta ba Auta 'yar takardar shaida. Amma tun a harabar kotu, kafin su rabu, Yaya ya zare makulli ɗaya daga cikin tarin makullansa ya sa mata a hannu. Na ƙofar gidan Baba ne. Ta ce wannan wane irin abu ne, ya ɗauki abinsa. Ya ce mutum ba ya yawo da makullin gidan wani, ya shiga mota.

Ranar Juma'a da safe tana haɗa wa Baba jakar asibiti, tana faɗa da shi a kan hular da ya nace sai ya tafi da ita, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Ta ɗauka mai karɓar ɗinki ce, ta fito da shirin ba da haƙuri. Yaya ne a tsaye, motarsa a bayansa, ya buɗe ƙofar baya ya shimfiɗa wa Baba filo. Ƙofar gidan a buɗe take, ko sakata ba a sa ba. Mutumin da shekara talatin yake turo ƙofar nan da ƙafa yana tambayar me aka dafa, yau ya tsaya a waje hannuwansa a baya.

"Yaya, a buɗe take fa."

"Na gani."

"To shigo mana, ka kama min shi. Ka san ba ya jin maganata."

"Kin ce in shigo?"

Ta kalle shi cikin haushi da tausayi. Gidan ya zama nata, takardar tana cikin jakarta, amma ba ta taɓa jin ta yi asara irin ta wannan safiyar ba.

"Na ce ka shigo," ta ce.

Ya cire takalmansa a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya jira sai da ta amsa.